Gwajin da Inna Ta Faɗi a Gaban Murhunta

Ƙarshen damina ne, masara ta bushe a tsaye, shinkafa ta fara sunkuyar da kai. Shekarar ta zo mana da ruwa mai yawa. Madatsar ruwa ta Tiga ta cika har ta taɓo gonakin da muka saba dasa tumatir, masunta kuma suna dawowa jiragensu sun yi nauyi da tarwaɗa. Kowa ka gaisa da shi sai ya ce bana kam an samu. A cikin wannan yalwa Allah ya karɓi ran Inna, mahaifiyar maigidana, wata Talata da hantsi, tana zaune a kan tabarma tana fuskantar murhun da ta yi rayuwarta tana bandar kifi a kai. Allah ya jiƙanta, ya sa kwanciya hutawa ce.

Kafin azahar gida ya cika. Mata daga Yako suka riƙa sauka biyu-biyu a kan babur. 'Yan kifi na kasuwar Ƙafin Maiyaki suka rufe rumfunansu suka taho. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo da ya daɗe yana sarin kifinta, ya tsaya daga zaure yana cewa, "Ni ko ido a rufe aka jera mini kifi goma, zan zare nata." Wata tsohuwar Bafulatana da ke kawo mata nono daga wajen Doguwa ta ajiye ƙwaryarta a gefen murhu kamar yadda ta saba, ta zauna ta rufe fuska.

Kawu, ƙanen Inna da ke Ɗansoshiya, bai yi kuka a maƙabarta ba. Sai da aka dawo, ya shigo cikin gida ya ga mayafinta a kan igiya, ya ɗauka ya kai hanci. Ƙamshin hayaƙi ne, wanda sabulu bai taɓa cire shi ba. Nan ya durƙusa yana cewa, "Yaya, Yaya," kamar ƙaramin yaro.

Ina zaune ana ta yi mini ya haƙuri, ina cewa da godiya, sai na jiyo matan da ke koyon banda a wurin Inna suna magana ƙasa-ƙasa a bayana. Ɗaya ta ce, "To gwajin fa?" Ɗaya ta ce, "Ke, yi shiru, yanzu aka fita da ita." Ban ga laifinsu ba. Ni ma abin yana raina, kunya ce ta hana ni faɗa. Kwana takwas ya rage a zo a sake gwada Inna, kuma takardar mata bakwai tana rataye da wannan gwaji. Cikin bakwai ɗin akwai 'yata ta fari.

Bari in yi bayani, don wanda bai san abin ba. A 'yan shekarun nan hukuma ta sake tsarin koyon sana'a. An ce ana so takardar shaidar da za a ba mai sana'a a nan ta zama irin wadda ko a wata ƙasa aka gani za a yarda da ita. Wanda ya koya a gida ba sai ya koma aji ba. Za a turo mai gwaji ta zo wurin aikin, ta fara gwada wadda ke koyarwa. In ta ci, murhunta ya shiga rajista, sannan a gwada ɗalibanta a ba su takarda. In ta faɗi, duk sun tsaya. 'Yata kuwa mijinta ya rasu, ta dawo gida da yara biyu. Masu shirya kifi a kwali suna kaiwa ƙasashen waje sun ce za su karɓi nata, amma sai da wannan takarda.

Ni ba marubuciya ba ce. Yaƙi da jahilci na yi ina da 'ya'ya huɗu. Inna ce ke karɓar na goye in zan tafi aji, tana cewa, "Je ki, Amarya, ki karanto mana abin da kifi bai sani ba." Amarya take kirana tun ranar da aka kawo ni gidan nan har na yi furfura. Ina rubuta wannan ne don jikokinta su san wace ce, kar su tashi abin da suka sani kawai shi ne akwai wata tsohuwa mai warin hayaƙi.

Ba a haifi Inna a cikin sana'ar kifi ba. 'Yar manoma ce, garinsu yana ƙarƙashin ruwan Tiga yanzu. In rani ya yi ruwa ya ja baya, takan nuna wani wuri da baki ta ce, "Can ne tsamiyarmu." Da aka tashe su aka kawo su nan, gonar da aka ba su tsakuwa ce. Tana da 'ya'ya uku ta je ta durƙusa gaban matar wani masunci baƙo da suka biyo ruwan daga yamma, ta ce a koya mata. Shekara guda tana wanke wa matar nan kifi kafin a bar ta ta taɓa wuta.

Ba ta koyarwa da baki. In ka tambaye ta ko kifi ya yi, sai ta ce, "Ni kike tambaya? Ga shi nan a gabanki." Takan miƙa bayan hannunta a saman raga, ta yi shiru kaɗan, sai ta ce a zare itace ɗaya, ko a ƙara totuwar masara. In kifi ya huce takan ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa da farce a kusa da kunnenta. Ba ta yarda a yi hira a bakin murhu. Ba ta sa itacen darbejiya, ta ce ɗaci yake bari. Kuma ba ta yabo. Shekaru talatin ina gefenta, abin da ya fi kusa da yabo da na taɓa ji shi ne, "To, ba laifi, ba ki ƙona ba."

Ranar da 'yata ta zo da labarin gwajin, Inna tana feɗe karfasa. Inna ce ta rene ta, don haka tsakaninsu wasan jika da kaka ne, babu shamaki.

"Tsohuwa, za a zo a gwada ki."

"A gwada ni da me? Hawan jini?"

"Da banda. A ga ko kin iya."

Inna ta ajiye wuƙa. "Wa zai gani? Uwarsa ta sayi kifina kafin a haife shi."

"Ba a ce ba ki iya ba. Can ƙasashen waje ba su san ki ba, takarda suka sani."

"To su ci takardar."

Kwana uku ba a sake tayar da maganar ba. A rana ta huɗu na ga Inna tana kallon yaran nan biyu marayu suna wasa a tsakar gida. Ta daɗe tana kallonsu. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Amarya, me da me suke so?"

Abin da suke so da yawa. Rumfa mai rufi, ragar ƙarfe mai tsabta, ruwan rijiyar burtsatse maimakon na bakin dam, gidan sauro na rufe kifi in yana hucewa. Suka ba mu ma'aunin zafi, wani abu mai allura kamar agogo da ake maƙalawa a jikin murhu. Suka ba mu littafin aiki da za a riƙa rubuta kowace banda: wane kifi, wane itace, zafi nawa, awa nawa. Da wani ɗan littafi na bayani. Tunda ni ce mai karatu a cikinmu manya, rubutun ya faɗo a kaina.

A nan muka yi faɗanmu, ni da ita, wanda shi ne kaɗai a tsawon zamanmu. Na ga littafin aikin yana da layuka da yawa, Inna kuwa ba ta san awa ba, ba ta kallon ma'auni. Sai na riƙa kwafo lambobin ɗan littafin bayani ina cikewa da su. Shafi biyar na cika, rubutu tsaf. Wata rana da la'asar ta ce in karanta mata abin da nake ta zanawa. Na karanta.

"Ranar Lahadi na yi wannan?"

"Eh, Inna."

"Ranar Lahadi aka yi ruwa, itace ya jiƙe, sai da na ƙara rabin yini. Ina kika rubuta?"

Na ce ai haka suke so a gani.

"Ashe ƙarya aka koya miki a ajin? Na riƙe miki yaro kina koyon ƙarya?"

Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Na ce, "Inna, don jikarki nake yi." Ta ce, "Ni kuma don wa nake yi?" Ta karɓi littafin ta yage shafukan nan biyar ta cusa a wuta. Na shiga ɗaki na yi kukana. Da magariba ta aiko mini da kan tarwaɗa a kwano, wanda ta san ina so, ba tare da saƙo ba.

Daga nan muka soma aikin gaskiya. In ta miƙa bayan hannu ta ce wuta ta yi, sai in duba inda allura ta tsaya in rubuta. In ta ce a juya, in duba agogo. Sati uku muna haka, sai na lura da wani abu: duk lokacin da ta ce wuta ta yi, allurar a wuri ɗaya take, ba ta gaba ba ta baya. Na nuna mata. Ta leƙa ta ce, "Ashe abin yana da hankali." 'Yata ta ɗauko jan farce ta ɗiga a kan gilashin daidai wurin. Muka sa masa suna layin Inna.

Sai dai akwai abu ɗaya da na karanta a ɗan littafin na yi shiru. An hana kusantar da maganin ƙwari ga kifi ko ga abin da ake zuba shi. Mu kuwa, kamar kowa a nan, mukan tsarma maganin ƙwarin nan fiya-fiya da ruwa mu yayyafa wa kwanduna da buhuna don kar ƙwaro ya shiga. Ban gaya mata ba. Na ce a raina ai ba a jikin kifin muke sawa ba. Da safen ranar gwaji na ɗauke kwalbar na ɓoye a bayan rumbu. Kun ga faɗan nan bai ishe ni darasi ba.

Malamar gwaji ta zo a kan babur daga cibiyar koyon sana'a, yarinya ce da ba ta fi 'yata ba, da farar riga da jaka. Ta durƙusa ta gaida Inna yadda ya kamata. Maƙwabta suka cika katanga. Inna ta yi aikinta kamar babu kowa. Malamar ta duba ruwa, ta duba raga, ta duba littafi, ta ɓare kifi ɗaya ta shinshina, ta sa a baki, na ga ta lumshe ido. Matan nan bakwai suka fara taɓa juna.

Sai ta ce, "Inna, saura tambaya ɗaya. Ya kike hana ƙwaro?"

Inna ta juya wajen da kwalbar ke zama. Babu. "Amarya, ina kwalbar nan?"

Na ce, "Wace kwalba, Inna?"

Ta dube ni. Ba zan manta kallon ba. "Wadda kika ɗauke."

Na je bayan rumbu na ɗauko. Inna ta karɓa ta miƙa wa malamar da hannunta. Malamar ta riƙe kwalbar, ta ce a hankali, "Inna, ban taɓa cin kifi irin naki ba. Amma wannan guba ce. Tana shiga kifi daga kwando, tana taruwa a jikin mai ci, musamman yara. Ba zan iya rubuta kin ci ba."

Wani daga kan katanga ya ce, "Kai! Wannan yarinya ba ta da kunya." Kawu yana nan ranar, ya miƙe yana cewa wa ya aiko ta ta wulaƙanta yayarsa a gidanta. Inna ta ɗaga masa hannu. "Zauna, kai ba kifi ka sani ba." Ta juya ga malamar. "Kika ce yara?"

"Yara, Inna."

"Shekara nawa ina ba jikokina." Ba tambaya ba ce. Ta zauna a kan turmi. Can ta ce, "Rubuta na faɗi. Yaushe za ki dawo?"

An sa wata huɗu. 'Yata ta shige ɗaki ba ta fito ba sai washegari. Ni kuwa na jira faɗa, faɗa bai zo ba. Abin da Inna ta ce mini kawai shi ne, "Da kin bar ni na ci gwajin da kwalbar a bayan rumbu, wa zai gaya mini?"

Washegari ta tara kwandunan gidan kaf, har da sababbi, ta cinna musu wuta a bayan gari. A kasuwa aka yi ta yi mata tsiya. Wata abokiyar sana'arta ta tare ta tana dariya, "Sannu ɗaliba, an ce an maimaita miki aji." Inna ta ce, "An maimaita. Ke da ba a gwada ki ba, me kike yayyafa wa naki?" Ta bi gidajen masu banda ɗaya bayan ɗaya, har Yako, tana faɗa musu abin da aka faɗa mata. Wasu suka ji, wasu suka ce tsufa ne.

Abin da ya ba ni mamaki, da na karanta mata hanyar da littafin ya ce a bi, sai ta yi dariya har da tafawa. A busar da kifi sosai, a bar shi ya huce a rufe, a mayar da shi wuta kaɗan in ya kwana biyu, a zuba a mazubi mai murfi. "Ai wannan shi matar masuncin nan ta koya mini," in ji ta. "Har da dakakken barkono take barbaɗawa a gindin tukunya. Da kwalba ta zo muka ga sauƙi muka bari. Wato sai da aka zaga ƙasashen waje aka dawo mini da abin uwar ɗakina."

A cikin watannin nan ne ta fara cewa hannunta yana mata sanyi, ba ta jin wuta sosai. Sai ta ce, "Amarya, ajiye biron, sa hannu ki gaya mini." In sa, in ce kamar ta yi. Ta ce, "Babu kamar. Ta yi ko ba ta yi ba?" In ce ta yi. Sai ta sa 'yata ta duba layin. Wani lokaci in dace, wani lokaci ta ce, "Hannunki na alli ne, sake." Haka kullum, har ƙwanƙwasa kifi a kunne ta mayar kaina, wai kunnenta ma ya yi nauyi. Ni duk a zatona taimakon tsohuwa nake yi. Ko da yake na taɓa ganin ta tsinci allurar ɗinki a cikin ƙasa da wannan hannun da ta ce ya mutu.

Sati uku kafin rasuwarta ta ce za ta Tudun Wada dubiya. Ta hau babur ita kaɗai, ta ƙi a raka ta. Ta dawo da shuɗin tawada a babban yatsanta. Na tambaya, ta ce, "Ina ruwanki."

Ranar addu'ar bakwai, bayan an raba gumba mutane sun fara raguwa, sai ga malamar gwaji. Ba da farar riga ta zo ba, da mayafi ta zo. Ta yi mana ta'aziyya, ta zauna kusa da ni ta yi hawayenta. Matan nan bakwai suka matso, ba wadda ta iya tambaya. 'Yata ce ta daure.

"Malama, shi ke nan an soke ko?"

"Wa ya ce?" Ta buɗe jaka ta fito da wani fom ta miƙo mini. "Mama, ke kike karatu. Duba."

Na duba. Takardar sauya mai koyarwa ce. A layin farko sunan Inna. A layi na biyu, inda aka ce wadda za ta tsaya a madadinta, sunana ne, da na mahaifina, an rubuta daidai. A ƙasa ga dangwalen yatsa, shuɗi, ya ɗan karkace.

"Har ofis ta same ni," in ji malamar. "Na ce mata, Inna, ai ke za ki tsaya. Ta ce, rubuta dai. Na ce, ita wannan ta iya? Ta ce, shekara talatin tana gefena, kuma wata uku ina gwada ta ba ta sani ba. Ta ce hannunki ya kai nata. Ta ce abu ɗaya ne aibinki, kina son rufa wa mutane asiri, amma ta yi maganinsa."

Kawu da ke zaune a bakin ƙofa ya yi dariya da hawaye a fuskarsa. "Ita ce wallahi. Ita ce."

Na ce, "Ni rubutu kawai nake yi." Malamar ta ce ba dole. In ban shirya ba za a ɗaga sai zagaye na gaba, wata shekarar, kowa zai gane. In kuma na shirya, gobe ne ranar da aka sa, za ta zo da hantsi. Na dubi 'yata. Ta sunkuyar da kai tana gyara wa ƙaramin ɗanta wuyan riga. Maigidana ya ce daga inda yake, "Duk yadda kika gani." Malamar ta yi sallama ta ce za ta biyo ta nan ko yaya ne.

Washegari bayan sallar asuba na fito tsakar gida. Murhun kwana bakwai ba a taɓa shi ba, toka ta yi sanyi. Na kwashe ta. Na wanke raga da ruwan burtsatse, na aika bakin ruwa aka kawo tarwaɗar farko. Na jera itacen marke yadda take jerawa, na cusa totuwa, na hura. Ban kalli ma'aunin ba, na juya masa baya da gangan. Da hayaƙi ya daidaita na miƙa bayan hannuna a saman raga, na yi shiru. Na zare itace ɗaya. Na sake miƙawa. Na ce a fili, ni kaɗai, "Ta yi."

Sannan na juya. Allurar tana kan ɗigon jan farcen.

Na buɗe littafin aiki na rubuta rana, da kifi, da itace, da zafi. A layin mai koyarwa hannuna ya fara rubuta sunan Inna, na tsaya, na rubuta nawa. Daga nesa na jiyo ƙarar babur ya baro titi ya kamo hanyar gidanmu. 'Yata ta fito da gidan sauro a hannu tana kallona.

Na ce, "Ajiye wannan. Zo ki sa hannu ki gaya mini."

Ta miƙa, ta ce, "Kamar ta yi."

Na ce, "Babu kamar."